Kalma ɗaya ta sa na sayi ƙamus guda: sharhina kan juzu'i na 4 na English Dialect Dictionary

Ga mai sauri bari in faɗi hukuncin tun yanzu, abin da ke cikin littafin tauraro 5 ne ba ragi, amma bugun da aka turo min ko 2 ɗin da na bashi ba da zuciya ɗaya na bayar ba. Wanda yake da haƙurin karatu kuma ya gyara zama dan sai na faɗi yadda akai har na tsinci kaina ina kashe kuɗin cefanen sati akan ƙamus ɗin karin harsunan turanci da ya haura shekara 120.

Ina aiki kwana 3 a sati a wani gidan kula da tsofaffi a gefen Sheffield a arewacin Ingila, sauran kwanakin ina makaranta. To watan Oktoba ne, sanyin ma wai a cewar 'yan garin bai fara ba, na shiga aiki da safe da rigar sanyi biyu, na ɗora jaket, ga safar hannu ga safar ƙafa biyu ga mayafi na naɗe wuya akan hijabi, ni dai kamar buhun gero. Na shiga ɗakin wata tsohuwa da ta haura 90 na sameta zaune bakin taga, tagar a buɗe, da 'yar riga mara nauyi tana shan shayi hankalinta kwance. Ta kalleni daga sama har ƙasa ta girgiza kai tace wai ni "nesh" ce.

Wallahi na zaci zagi ne. Kun san dai zaman ƙasar mutane, duk kalmar da aka jefeka da ita baka santa ba sai kunnenka ya tashi, na yini raina ba daɗi ina ta juya abun. Sai lokacin hutu na tambayi abokiyar aikina 'yar garin, ta kwashe da dariya harda riƙe ciki tace ba zagi bane, mutum ne mai saurin jin sanyi, wanda iska kaɗan in ta kaɗa zai fara neman bargo, tace ita ma kakarta haka take ce mata. Abun da ya ɗaure min kai shine akwai wata nas a wurin da ta taso a Landan, Baturiya ce fa, turanci ta tsotsa a nono, amma tace ita bata taɓa jin kalmar ba sai da ta zo arewa. Nace au, ashe suma suna da irin namu na Sakkwatanci da Kananci.

Da na kira gida na bawa Umma labari cewa tai "ai bata yi ƙarya ba, ke dama raki gareki tun kina ƙarama, hunturun Katsina ma kuka kike masa balle na Turawa." Nace Umma a bayan wa kike ne wai.

Daga nan fa abun ya tsaya min a rai. Wani ɗan ajinmu mai son nuna ya sani yace ai daga "nice" ta fito, wai mutanen ƙauye ne suka lanƙwasa ta. Ban yarda ba amma bani da hujja. Ƙananan ƙamus na waya kuma layi ɗaya suke baka su wuce. Ina cikin bincike na ga kowa sunan littafi ɗaya yake ambata, English Dialect Dictionary na Joseph Wright, juzu'i 6, an buga shi tsakanin 1898 da 1905. Juzu'i na 4 shine ya ɗauki haruffan M zuwa Q, nesh tana ciki kenan. Na gan shi a wani shagon intanet, irin masu sake buga tsofaffin littattafan nan da sai kayi oda sannan su buga maka kwafi ɗaya, fam 30 da 'yan kai harda kuɗin kawowa. Bazan kama sunan shagon ba, dama irinsu da yawa ne kuma duk sana'ar ɗaya ce. Na danna na biya cikin dare, kuma duk siyayyar da akai bayan ƙarfe 12 na dare kun san ƙarshenta.

Sun ce kwana 5, sai da yayi sati 3. Wannan ban riƙe su da shi sosai ba.

Da ya iso na buɗe kwalin, nauyi dai masha Allah, in ka jefi ɓarawo da shi sai an kai shi asibiti. Bangon mai laushi ne mai sheƙi, da wani hoton fure da ba ruwansa da ƙamus. Matsalar tana ciki. Asalin littafin babba ne, kowane shafi an raba shi gida biyu da ƙananan rubutu, su kuma waɗannan bayin Allah basu sake tsara komai ba, sikanin tsohon kwafi suka ɗauko suka ƙanƙance shi ya shiga takardar da ta fi ta asali ƙanƙanta. Rubutun da dama can ƙanana ne ya koma kamar ƙwan kiyashi. Ni da ban taɓa sa tabarau ba sai da na koma ina ɗaukar shafi a hoto da waya ina buɗa shi da yatsa, wato na sayi littafi dan in huta da kallon waya na ƙare ina karanta littafin ta cikin waya. Wasu shafukan sun karkace, wasu gefen da ke kusa da ɗinki ya cinye harafi biyu uku na farkon kowane layi, akwai shafi guda da inuwar yatsan wanda yayi sikanin ta fito ɓaro-ɓaro a ƙasa. Gam ɗin ma ba na kirki bane, sati biyu da fara buɗawa takardu huɗu suka zare daga tsakiya.

Wanda yafi ƙona min rai shine gajerun kalmomi. Wright baya rubuta sunan yanki cikakke, sai dai kaga Yks. ko Der. ko Stf. ko Lan. ko Chs. jere kamar lambar mota, wani lokacin da ɗan ƙaramin lamba a sama. A kwafina shafin da zai warware maka waɗannan babu shi sam, ko basu yi sikanin ɗinsa ba ko ya faɗi a hanya oho. Sai da na koma intanet na gane Yks. Yorkshire ne, Der. Derbyshire, Stf. Staffordshire, Lan. Lancashire, Chs. Cheshire, ƙaramin lambar kuma tana nuna daga wane tsohon kundin kalmomin yanki aka ciro misalin. Misali w.Yks., wato yammacin Yorkshire, mai lamba 2 kundin kalmomin Sheffield ne da wani Sidney Addy ya fitar a 1888. Da na gane haka sai naji wani iri, wato duk inda naga wannan alamar maganar kakannin tsofaffin da nake yiwa shayi ce nake karantawa. Amma a bugun nan ƙananan lambobin sun dusashe, 2 da 3 da 5 duk ɗigo ɗaya suka zama.

To yanzu ita kalmar.

Abokiyar aikina bata yi kuskure ba amma reshe ɗaya ta bani a bishiya guda. Asalin ma'anar nesh ba sanyi bane ko kaɗan, taushi ne. Daga Tsohon Turanci ta fito, wanda akai kafin Normawa su ci Ingila a 1066, a lokacin ana rubuta ta hnesce, ma'ana abu mai taushi, mai laushi. Kenan kalmar ta haura shekara 1000 a bakin mutane. Kuma in ka lura da yadda hnesce ta koma nesh zaka ga ba wani lanƙwasawar 'yan ƙauye, hanyar da sauran turancin ya bi ita ma ta bi. Da can suna da kalmomi masu farawa da hn da hl da hr, daga baya h ɗin ya faɗi, hnutu ta zama nut, hnecca ta zama neck, hlaf ta zama loaf, hring ta zama ring. Shi kuma sc dama sh ake furta shi, scip shine ship, fisc shine fish. Cire h, mai da sc sh, ka jefar da wasalin ƙarshe kamar yadda turanci ya jefar da dubbansa, me ya rage, nesh. Ita nut da neck sun samu shiga turancin makaranta, ita kuma nesh aka barta a ƙauye, bambancin kenan.

Wannan ya tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta, bata taɓa cewa taushi ba sai tabshi, bata cewa zauna sai zamna, sauka kuma sabka. Muna yara muna mata dariya wai bata iya Hausa ba, sai da na girma na ji masana suna cewa nata ɗin ne tsohon furuci, namu ne ya sauya. Ashe mu ne baƙin.

Maganar "nice" kuma ta ɗan ajinmu bata da tushe, nice ta biyo ta Faransanci ne daga Latin nescius, wanda bai sani ba, jahili kenan, kuma a farkon shigowarta turanci wawa take nufi. Kamannin sauti ne kawai ya ruɗe shi. Na tura masa hoton shafin, har yau ya bar ni da alamar ya gani bai amsa ba. Dangin nesh na gaskiya a wani wurin suke, a harshen Gotik wanda ya mutu tuntuni akwai hnasqus, ta fito a fassarar Baibul ta ƙarni na 4 a inda ake maganar tufafi masu laushi.

Daɗin ƙamus ɗin shine baya tsayawa a asali, yana bin kalmar gari gari yana nuna maka abin da kowa yayi da ita. Manomi in yace ciyawa ko ganye nesh ne yana nufin ɗanye shataf mai ruwa, sabon tofo. Masu haƙar kwal in sunce kwal nesh ne suna nufin mai saurin marmashewa, kana taɓawa yana rugurgujewa. In aka faɗa akan mutum ko dabba to mara ƙwari ne, mai laulayi, wanda baya jure wahala ko sanyi, nan ne tawa ta shigo. Akwai kuma mai tsirfa wajen abinci, wannan bai masa ba wancan bai masa ba. Sannan matsoraci, rago. Duk in ka jera su zaka ga zare ɗaya ne, abu mai taushi baya jure matsa, to ko ganye ne ko dutse ko jiki ko zuciya. Mu ma ai muna cewa jikinsa ba ƙwari, muna cewa zuciyarsa tayi laushi. Furucin ma ya bambanta daga wuri zuwa wuri, wasu nash, wasu naish, wasu nish, kuma wannan nish ɗin har ta tsallaka teku tana Newfoundland a Kanada inda masunta daga yammacin Ingila suka je suka zauna.

Yau ma'anar sanyin ce tafi rai, a tsakiyar Ingila da arewa, su Derbyshire, Nottingham, Stoke, Sheffield, Manchesta. Amma ta tsoron bata mutu ba, wani direban bas mai son ƙwallo ya taɓa ce min ɗan wasansu ya "neshed it", wato ya ga za'a haɗu a ƙwallo ya janye ƙafa dan kar a taka shi. A Hausa dai na rasa kalma ɗaya da zata ɗauke ta duka, raki yafi kusa, amma raki ya fi karkata ga ciwo, kuma shi raki akwai ɗan ƙaranta mutum a ciki fiye da nesh, dan yadda tsofaffin nan suke faɗinta tsokana ce irin ta kaka da jika, rabi gori rabi tausayi. Har mutum yana iya faɗa da kansa, ni nesh ce a rufe min taga, ba wanda zai ji kunya.

Tunda na riga na biya kuɗi sai na ci gaba da yawo a cikin M zuwa Q, kuma nan ne littafin ya fara biyana. Nither, wanda sanyi ya takure shi yana rawar ɗari sai suce nithered. Mardy da nake ji kullum a bakin ma'aikata, daga marred take, yaron da aka ɓata, wato shagwaɓaɓɓe mai kumbure-kumbure, irin ɗan autan da aka hana alawa. Sai ka buɗe dan duba abu ɗaya ka ɗago kai awa ta wuce. Amma nan ma siyan juzu'i ɗaya ya nuna min iyakarsa, wata rana wani dattijo a wurin aikin ya kalleni na shigo daga waje yace na yi kama da wadda take "starved", nace a'a na karya kafin in fito, ashe shi sanyi yake nufi ba yunwa ba. Na dawo gida da zumuɗi zan duba, S tana juzu'i na 5, bani da shi. Daga baya na gano ita ma tsohuwar ma'ana ce, steorfan a Tsohon Turanci mutuwa ce kawai kamar sterben na Jamusanci, a kudu ta tsaya akan mutuwar yunwa, a arewa suka riƙe ta sanyi.

Dole in ɗan tsaya akan shi mai littafin dan labarinsa ya sa na kasa jin haushin kuɗina gaba ɗaya. Joseph Wright an haife shi a 1855 kusa da Bradford a gidan talakawa tilis. Yana shekara 6 yana kora jaki a wurin fasa dutse, yana kai kayan aikin ma'aikata wurin maƙeri a gyara. Yana 7 aka sa shi a masaƙar Saltaire yana cire zaren da ya cika a inji yana sa wani. Bai iya karatu sosai ba sai wajen shekara 15, lokacin yaƙin Faransa da Furusiya, wata daular Jamusawa, na 1870, yana ganin wani abokin aiki yana karanta musu labarin yaƙin a jarida shima yace sai ya iya. Wannan yaron jakin shine ya tafi Jamus yayi digirin dakta a Heidelberg a 1885, ya zama farfesa a Oksfod a 1901, har ya koyar da Tolkien, marubucin The Lord of the Rings. Ƙamus ɗin kuma ba shi kaɗai ya tara ba, akwai ƙungiyar English Dialect Society da Walter Skeat ya kafa a 1873, su suka yi shekaru suna tara kalmomi, mutane daga ƙauyuka, limaman coci da malaman makaranta da sauransu, suna rubuto kalma da misalinta a 'yar takarda suna aikowa. Da aka zo bugawa masu buga littattafai suka noƙe, shi ya ɗauki nauyin da kansa, matarsa Elizabeth tana tayashi aikin. Kalmomi wajen 70,000. Mutumin da yarensa na gida shine irin wanda ake yiwa dariya, shi ya zauna ya rubuta shi da mutunci, shi yasa in kana karantawa baka jin ƙamshin raini ko kaɗan, ba'a ce maka wannan kuskuren jahilai bane, ana ce maka ga yadda ake faɗa a wuri kaza.

Wanda ya taɓa amfani da ƙamus ɗin Bargery na Hausa na 1934 zai gane yanayin, yadda zaka ga an sa alamar wannan ta Katsina ce wannan ta Sakkwato, ka tarar da kalmar da rabonka da ji tun kakarka na da rai.

Sai dai a sani, littafin ya tsaya ne a inda ya tsaya. Kalmomin da ake amfani da su a shekaru 200 kafin bugawa ya tattara, wato kusan daga 1700 zuwa 1900, dan haka bazai gaya maka wace ma'ana ce ta rayu zuwa yau ba, ciyawa nesh da kwal nesh da mutum nesh duk a jere suke kamar kowacce tana nan da ranta. Na gwada ta ciyawar akan abokan aikina ba wanda ya gane. Bayanin asali kuma gajere ne, ɗan layi a ƙarshen bayani cikin baka, in kana son dogon tarihi sai ka haɗa da wani wurin. Misalan kuma an rubuta su ne yadda ake furtawa a yaren, wani sai ka karanta da ƙarfi sau uku kafin ka gane turanci ne.

Abun da ya ƙarasa kashe min jiki, bayan duk wannan wahalar ta hoto da buɗa yatsa, shine na gano ƙamus ɗin gaba ɗayansa, juzu'i 6 ɗin, yana intanet kyauta. Jami'ar Innsbruck ta Ostiriya ta mai da shi shafin bincike ƙarƙashin Farfesa Manfred Markus, sunansa EDD Online, ka rubuta kalma ta fito, kana iya tace bincikenka da yanki kace a nuna maka na Yorkshire kaɗai, ba ƙwan kiyashi ba inuwar yatsa. Sikanin tsofaffin kwafin ma suna Internet Archive, wani rumbun ajiyar tsofaffin littattafai na intanet, kuma ina kyautata zaton irinsu aka sauke aka buga min aka karɓi fam 30 ɗina. Dan haka shawarata, ɗalibin harshe ko mai aiki da tsofaffi a arewacin Ingila ko mai son kalmomi kawai, ya fara da na kyautan a kwamfuta. In kuma kai irin mutanen nan ne da sai sun ji takarda a hannu, to ka nemi tsohon bugu na gaske a shagon gwanjon littattafai ko laburare, in kuma dole sai irin nawa to ka sa mai sayarwa ya turo maka hoton shafin ciki da girman takardar kafin ka biya, kar ka yarda da hoton bango.

Na nemi su mayar min da kuɗi saboda shafukan da suka zare, suka ce in mayar da littafin da kuɗin aikawa daga aljihuna, na lissafa nauyinsa na haƙura. Yanzu yana kan teburina laftof na zaune a kansa, tsayin ya min daidai.

Ita kuwa tsohuwar na koma na sameta da labari, na zauna gefen gadonta nace kin san kalmar nan da kika kirani da ita ta girmi shekara 1000, tun kafin Normawa su zo, asalinta taushi, har masu haƙar kwal suna faɗinta. Tace babanta a ramin kwal yayi aiki har ya mutu, tayi shiru kaɗan tana kallon waje. Sannan ta juyo ta kalli safar hannuna tace to tunda na gama bincike in miƙo mata shayinta, kuma kar in kuskura in taɓa mata taga.